Surukar Don Chemo

Bangon da ya raba ɗakin girkin Radamés Cuevas da na maƙwabtansa bulo ɗaya ne, kuma magini ya yi masa rowar siminti. In Doña Ondina ta yanka albasa a can, a nan ake hawaye. Saboda haka ran Alhamis da hantsi, yana tsaye yana jiran kofinsa ya tafasa, bai kasa kunne ba. Maganar ce ta ratso bango ta same shi.

"Ka ci abincin nan, Chemo."

"Na ce miki na ƙoshi."

"Ka ƙoshi da me, da iska? Tun da aka ce za a ɗauke ta ka koma kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ba kai ka cika gari da zaginta ba? Ba kai ka raɗa mata suna Suruka ba? To ga shi Suruka ta tattara komatsanta, sai ka tashi ka taka rawa mu gani."

"Rage murya, Ondina."

"Ba zan rage ba. Jiya gishiri ka zuba wa kofi, ka daure ka shanye don kada in gane. Ka wuce jikarka a bakin kanti ba ka ce mata uffan ba, yarinya ta dawo gida tana kuka wai kakanta fushi yake da ita. Likita ya ce yanar ido ce kawai, a wanke ta a huta, kai kuma kullum sai an gama gasar bana, sai an gama gasar bana. To Lahadi da wane idon za ka tsaya a bayan farantin?"

 Radamés ya ji an ture kwano a kan tebur.

"Da wanda na saba tsayawa da shi."

"Wancan idon ya tafi, tsoho. Abar nan da kake zagi, ita take gani maka tun bara."

Kofin ya tafaso ya zube a kan murhu, ya kashe wutar. Radamés yana kallonsa, bai motsa ba.

A takardar baftisma sunan mijin Doña Ondina Anselmo Vanterpool, amma a duk unguwar da ke bayan tsohuwar masana'antar sukari ta San Pedro ba wanda ke wahalar da bakinsa haka. Don Chemo ne. Kakansa ya ƙetaro teku daga tsibiran masu jin Turanci ya zo saran rake, ubansa ya ƙare rayuwarsa yana shafa wa ƙafafun jirgin rake mai, shi ma ya gaji aikin har ranar da aka rufe masana'antar aka bar taragai suna tsatsa cikin ciyawa. Kamar kowane yaro a garin, ya tashi da sandar tsintsiya a hannu yana bugun murfin kwalba, yana mafarkin besbol zai ɗauke shi a jirgin sama. Bai ɗauke shi ba. Idonsa na ganin ƙwallo sarai, har ɗinkin jikinta, hannunsa ne ba ya yi masa biyayya. Wata Lahadi, yana ɗan shekara ashirin, alƙalin wasa ya zo fili yana tangaɗi, aka rasa wanda zai tsaya, wani ya miƙa wa Anselmo takunkumin ƙarfe da sulken ƙirji ya ce ai ko ba komai kai ba ka da amfani a kowane ɓangare. Ya saka. Tun daga ranar bai cire ba.

Aikin kuwa ɗaya ne, ga shi kamar wasa. Mai jifa ya wurgo, ƙwallo ta wuce ta kan farin farantin nan da ke binne a ƙasa gaban mai bugu. In ta bi ta sararin da ke tsakanin gwiwarsa da ƙirjinsa, ta shiga, uku irin wannan ya koma benci. In ta kauce, ta fita, huɗu irin wannan ya taka zuwa matashin farko a kyauta, cikin matasai uku da aka ajiye a fili waɗanda ake zagayawa kafin a dawo gida a ci maki. Sararin nan ba a zana shi a ko'ina ba, a kan alƙali yake. Don Chemo ya riƙe nasa shekara arba'in da ɗoriya kamar yadda limamin coci ke riƙe ƙoƙon jibin Ubangiji. Shi yake goge shuɗiyar rigarsa da kansa. Ba ya cin abincin gidan da ke da ɗan wasa matuƙar ana cikin gasa. Da Radamés ya roƙe shi ya tsaya wa 'yarsa a matsayin uban baftisma, sai ya ce a'a, ba zai zama compadre, wato ɗan'uwa ta hanyar baftisma, da mutumin da yake yanke wa hukunci duk mako ba, ya tura Ondina ta tsaya. Ɗansa na cikinsa ma ya taɓa fitar da shi a wasan ƙarshe da jifar da ta lashi gefen faranti. Yaron ya yi wata guda ba ya gaishe shi. Yanzu yana can New York yana tuƙa tasi, ya bar musu 'yarsa, kuma duk sanda ya bugo waya sai ya ce, "Baba, har yau ina nan a kan bakana, ta fita."

"Ta shiga," in ji Don Chemo. "Ya sanyi?"

Radamés kuwa mai walda ne daga Litinin zuwa Asabar. Ran Lahadi shi ne mai cafe na ƙungiyar 'Yan Tarago, wanda ke tsugunawa bayan mai bugu da ƙatuwar safar fata. Tun yana ɗan sha bakwai yake tsugunawa a gaban Don Chemo, ga shi yanzu furfura ta fara yi masa sallama, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya fi sanin tsohon ta baya fiye da ta fuska: tafin hannun da yake ɗorawa a tsakiyar bayansa kafin kowace jifa, ƙamshin man zafi da kofi, ɗan numfashin da yake ja kafin ya kwatsa ihu. A fili mai cafe ba ya waiwayar alƙali, wannan kowa ya sani. Ka zage shi in kana so, ka tambayi lafiyar matarsa, ka ce masa ya sayi tabarau, amma fuskarka na kallon gaba, don kada 'yan kallo su ga ka raina shi. Hirar shekaru suka yi a haka, ɗaya na magana da iska, ɗaya na magana da ƙeya.

Kuma duk tsawon shekarun Radamés yana yi masa sata. Sana'ar ce haka. Ƙwallon da ta kauce da yatsa biyu, mai cafe na kirki zai tarye ta ya lallaɓo safar ciki a hankali, kamar mai gyara wa jariri kwanciya, ya tsayar da ita a gefen faranti ya bar alƙali ya kalla. Wani lokaci Don Chemo ya ruɗu, wani lokaci ya ce, "Mayar da ita inda ka ɗauko ta, ɓarawo." A duk lardin ba wanda ya kai Radamés laushin hannu, kuma ba abin da yake taƙama da shi a duniya kamar wannan.

Sai aka kawo Suruka. Wata makarantar horar da samari don masu neman 'yan wasa daga ƙetare ta karɓi hayar filin a ranakun mako, ta kakkafa kyamarori a saman rumfa don auna jifar yaranta. Shugaban gasar Lahadi, Don Porfirio, mutum mai son a ce ya waye, ya roƙa aka ara musu. Aka cusa wa Don Chemo wani ɗan abu a kunne. Ƙwallo na wucewa wata muryar mace ta ce ciki ko waje, shi kuma ya maimaita wa duniya.

"Ba a tambaye ta ba, ba ta taɓa yin kuskure ba, kuma ba ta barin kunnen mutum," in ji Don Chemo a teburin domino. "Na binne suruka ɗaya, Allah ya jiƙanta, ga shi an ɗauro mini wata."

Aka bushe da dariya, suna ya bi ta. Shekara biyu shi da Radamés suna yi mata wankin babban bargo a gaban kantin unguwa. Radamés da zuciya ɗaya yake zagi, don na'ura ba ta kallon safa. Ta kashe masa sana'a, ya koma bokitin tarar ƙwallo kawai.

Yanzu yana goge kofin da ya zube, sai abubuwa suka fara dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sabuwar fuska. Wa ke riga kowa zuwa fili yana tambayar ko an yi cajin ɗan abin kunne, wai don kada a ɗora masa laifi? Ranar da aka ɗauke wuta kyamarori suka mutu, wa ya ce fili ya yi laima ba za a fara ba, alhali ƙasa a bushe take ƙamas, har sai da aka tayar da janareto? Kuma ihun nan nasa, ai a shekaru biyun nan ne ya fi kowane lokaci ƙarfi. Mutum yana zagin sandar da yake dogarawa, yana ɗaga murya don kada a kalli hannunsa.

Amma ba wannan ne tunanin da ya fara zuwar wa Radamés ba, kuma ya sani. Makarantar ta gina nata fili kusa da babban birni, ta kwashe kyamarorinta ran Talata. Lahadi 'Yan Tarago za su kara da 'Yan Tashar Ruwa, wanda ya ci shi zai je wasan ƙarshe. Mai jifarsu, Nido ɗan acaɓa, ƙarfi gare shi kamar doki amma saitinsa sai addu'a. Abin da ya fara ɗarsuwa a zuciyar Radamés, tun kafin kofi ya gama zuba, shi ne: ashe wanda zai tsaya a bayana ba ya gani. Daɗi ya ji, na ɗan ƙiftawar ido. Tausayin daga baya ya zo, ya tarar da daɗin zaune ya riga shi.

Ran Asabar da la'asar aka yi wa Don Chemo biki a gaban kanti. Aka ƙure kiɗa, aka kawo soyayyen yaniqueque, wainar fulawarsu, a faranti, Don Porfirio da kansa ya ɗaga kwalba.

"Ka ci, Don! Mutum ya kayar da inji. Gobe idonka ne sarki."

"Dama shi ne," in ji Don Chemo. "Aro na ba ta."

"Ba za ka yi mata takaba ba?" wani ya jefo.

"In ta bar gado zan yi."

Radamés yana gefensa a tebur. Ya ga yadda tsohon ke ɗaukar ƙwayar domino ya shafa fuskarta da babban yatsa, a hankali, kamar mai tunani, kafin ya buga ta da ƙarfi. Ramukan yake ƙirgawa. Tun yaushe yake haka? Radamés ya buga ƙwayar da ba ta dace ba, abokin wasansa ya ce masa ko hayaƙin walda ya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Da ya koma gida ya tarar da Doña Ondina a bayan gida tana kwashe shanya. Ta leƙo ta kan shingen kwano, maƙalen shanya a bakinta. Ta cire shi.

"Ɗana, kofinka ya ƙone ran Alhamis. Har nan na ji ƙauri."

"Mantuwa ce, comadre."

"Mantuwa." Ta ninke shuɗiyar rigar mijinta ta ɗora a kafaɗa. "Tun kana saurayi muke bango ɗaya. Ka taɓa jin na yi masa faɗa a ɗakin girki? In faɗa ne uwar ɗaka nake kai shi, in rufe ƙofa."

Radamés ya tsaya yana kallonta.

"Me kike so in yi?"

"Ni? Ban ce ka yi komai ba. Ni dai na gaji da sanin abin nan ni kaɗai."

Ta ɗauki kwandonta ta shige. Ya yi tunanin zuwa wurin Don Porfirio, sai ya hango Don Chemo ana karɓe masa takunkumi a gaban jama'a da kalamai masu daɗi. Ya yi tunanin ƙwanƙwasa ƙofar tsohon, sai ya rasa da wace fuska zai kalle shi, shi da bai saba kallonsa ba in maganar wasa ce. Ya kwana bai yanke komai ba.

Lahadi bayan an taso daga coci fili ya cika har kan katanga. Masu ganga, masu busa ƙaho, mata masu sayar da soyayyar ayaba. A saman rumfa ana ganin ƙarafan da aka kwance kyamarori daga jikinsu, tsirara. Don Chemo ya fito rigarsa a goge har tana ɗaukar ido, aka yi masa tafi, ya ɗaga takunkuminsa kamar mai cire hula.

Radamés ya tsuguna. Hannun ya sauka a bayansa, ya fi kullum nauyi.

"Ya gwiwa, ɓarawo?"

"Tana gaishe ka, Don. Ya zaman gwauranci?"

"Kunnena ya huta."

Jifar farko ta bi tsakiya kamar an ja layi. "Ciki!" Rumfa ta amsa. Ta biyu ma haka. Ta uku ta nutso ƙasa ta gefen waje, irin wadda Radamés ke lallaɓowa ko cikin barci. Ya tarye ta, sai numfashin nan da aka saba ja a bayansa bai zo ba. Tsohon jira yake, jiran muryar da ba ta nan.

Radamés bai yi shawara da kansa ba. Hannunsa ne kawai ya tsaya cak inda ƙwallo ta same shi, can waje, a fili ƙarara, ya ma ɗan jinkirta don a gani da kyau.

"Waje!"

Nido ya buɗe hannuwa daga kan tudun jifa, yana tambayarsa da ido. Radamés ya wurga masa ƙwallo ya kau da kai.

Haka aka yi ta tafiya. Duk wadda ta shiga ya riƙe ta a inda take, duk wadda ta fita ya bar ta a waje. Ya zame wa tsohon allon karatu. Nido ya cika matasai da mutanen da ya tura kyauta, yana tofar da yawu yana zagin uwar wani da ba ya nan. Amma in aka juya, 'Yan Tarago suka karɓi sanda, mai cafe na Tashar Ruwa ne ke tsugunawa a gaban Don Chemo, shi kuwa bai ji komai ta bango ba, sana'arsa kawai yake yi. Ya saci ɗaya, ya ga ta wuce. Ya saci wadda ta fi ta, ita ma ta wuce. Kafin a jima ya daina ma ɓoyewa.

"Makaho!" aka kwaɗo daga rumfa. "A dawo da Suruka!"

Shekara arba'in ana ce masa makaho, duk alƙali sunansa ke nan ran Lahadi, da kansa yakan juya ya rusuna musu. Yau bai juya ba.

A zagaye na biyar Radamés ya zo bugu. Aka jefo masa wadda ta kusa share masa takalmi, Don Chemo ya ce ciki, ta uku ke nan. Rumfa ta kece da ihu. Radamés, wanda ko jifar da ta bi tsakiya ce ta fitar da shi sai ya yi gunaguni a kan tabarau, ya saɓa sandarsa ya koma benci bai ce kanzil ba. Wannan shirun ne ya tona shi.

Da ya dawo ya tsuguna, sai Don Chemo ya ɗaga hannu ya tsayar da wasa. Ya zaro ɗan buroshinsa daga aljihu, ya zagayo gaba, ya ba fili baya, ya duƙa yana share faranti. Farantin fes yake. Nan ne kaɗai wurin da alƙali da mai cafe ke haɗa fuska, kuma alƙalai kan yi shi ne in ƙwallo ta bugi mai cafe, don a ba shi lokaci ya shanye zafin ba tare da an ce ya yi raki ba. Ta tsakanin ƙarafan takunkumi Radamés ya ga idon hagu, da wani fari-fari a tsakiyarsa kamar an ɗiga madara a shayi.

"Hannunka ya mutu ne?" Don Chemo ya tambaya, yana ta shara.

"Gwiwa ce ke damuna, Don."

"Da gwiwa kake sata?"

Radamés ya gyara zaman safarsa.

"Ondina," in ji tsohon. Ba tambaya ba ce.

"Bangon ne ba shi da kauri."

Buroshin ya tsaya. Na ɗan lokaci Radamés ya zaci tsohon zai zauna a ƙasa. Sai ya ga muƙamuƙinsa ya motsa.

"Ka saurare ni, yaro. Tun ba ka da gemu kake yi mini sata, ban taɓa jin haushinka ba, don ɓarawo ba ya wahalar da kansa a kan wanda ya raina. Yau ka zage ni. Ka yi wasanka."

"Don Chemo..."

"Ka yi wasanka na ce. Nido yana da 'ya'ya a rumfar can suna kallo."

Ya miƙe, ya mayar da buroshi, ya koma baya. Hannun ya sauka.

Radamés ya yi ƙoƙari. Ya saci ɗaya a zagaye na shida, ta wuce, bakinsa ya yi ɗaci kamar ya tauna ganyen ɗaci. A na bakwai ƙwallo ta gogi sandar mai bugu ta karkace ta daki Don Chemo a ƙashin wuya, inda sulke bai kai ba. Da can yakan ɗan karkata kafin ta iso. Radamés ya ji ƙarar, ya ji nishin. Bai waiwaya ba. Ya miƙe ya nufi tudun jifa yana jan ƙafa kamar mai zuwa biyan tara, don mai cafe ma haka yake rama wa alƙali alherin buroshi.

"Me ka zo faɗa mini?" in ji Nido.

"Ba komai. Ya babur?"

"Babur? Kai yau lafiyarka kuwa? Ka sayar da mu ne?"

"Rufe bakinka da safa ka yi kamar muna shawara."

Suka tsaya suna kallon ƙasa har sai da ya ji muryar tsohon daga baya, a shaƙe, tana cewa a ci gaba.

Aka zo zagayen ƙarshe ana kunnen doki, Tashar Ruwa ke bugu. Mutum biyu sun fita, amma matasai uku duk a cike. Mai bugu yana da ciki biyu, waje uku. In wannan ta shiga, an tsira, a ƙara zagaye. In ta fita, mai bugu ya taka kyauta, ya turo na gabansa gida, wasa ya ƙare. Ganguna suka yi shiru da kansu.

Nido ya ɗaga ƙafa ya saki. Tun daga hannunsa Radamés ya san ta: ƙasa, gefen waje, ta kauce da yatsa biyu. Irin tasa ce. Ya tarye ta ya lallaɓo ta, kuma a duk rayuwarsa bai taɓa yin wadda ta kai wannan kyau ba. Ko inuwar safar ba ta motsa ba. Ya tsayar da ita a gefen faranti, ya ba tsohon duk girman da ya nema.

Tafin hannun da ke bayansa ya danna, kaɗan.

"Waje!"

Rumfar Tashar Ruwa ta fashe. Mutane suka diro daga katanga, waɗanda ɗazu ke cewa makaho yanzu suna ihun idon mikiya, wani ya rantse ya gani da idonsa ta fita, ko Suruka albarka. Don Porfirio yana ta girgiza hannun kowa. Nido ya yi jifa da hularsa ya wuce Radamés kamar bai san shi ba. Radamés ya daɗe a tsugune, ƙwallo a safa. Da ya waiwaya a ƙarshe, ya hango bayan shuɗiyar riga tana ratsa taro, takunkumi a hammata, ba ta amsa wa kowa.

Rana ta yi sanyi, yara na bugun murfin kwalba a layi, Radamés yana zaune a ɗaki ya ɗora ƙanƙara a gwiwa, sai aka ƙwanƙwasa. Ya ɗingisa ya buɗe. Don Chemo ne, ya sauya riga, an manna masa filasta a wuya, ƙamshin man zafi ya riga shi shigowa.

"Shigo mana, Don."

"A'a, nan ma ya isa." Ya dafa ƙyauren. "Kyakkyawa ce, ta ƙarshen nan."

"Ai ka kama ni."

"Ban gan ta ba, Rada. Ko inuwarta ban gani ba. Kafaɗarka na ji ta motsa a ƙarƙashin hannuna, na san ka ja." Ya ɗan yi dariyar da ba ta kai ko'ina ba. "Suna can suna ce mini mikiya. Alƙalin da ke shafa bayan ɓarawo kafin ya yanke hukunci. Na gaya wa Porfirio ya nemi wani ya tsaya a wasan ƙarshe."

 Tsohon ya juya kamar zai tafi, ya sauke ƙafa ɗaya daga dakali yana laluben ƙasa da ita, sai ya tsaya. Bai juyo ba. Ya yi maganar yana kallon layi, ya ba Radamés ƙeya.

"Talata da safe za ka raka ni wurin likitan nan. Kai nake so, ba Ondina ba, ita kuka za ta yi. Kuma in an shiga da ni kada ka tafi shagonka, ka zauna a bakin ƙofa inda zan ji tarinka. Wuƙa za su sa mini a ido, ɗana. Tsoro nake ji."